Tudun da Mota Ta Ɓoye Mini

Shekara ashirin da bakwai ina bin hanyar nan,
Daura zuwa ƙauyukan Dutsi, gilashi a rufe, rediyo na surutu.
Da ka tambaye ni, da na rantse maka
shimfiɗe take kamar tabarma.
Ashe mota ce take yi mini ƙarya.

Likita ya dubi takarda, ya dubi tumbina,
ya ce, "Malam Ɗayyabu, suga ya yi sallama.
Ko ka motsa, ko ya nemi wurin zama."
Na jawo keken marigayi Yaya Barmo daga bayan rumbu,
na kakkaɓe yana, na ɗiga wa sarƙa baƙin mai,
jikana Lawandi ya buga iska a taya.

Bayan asuba na fita, gari bai gama buɗe ido ba.
Na bar kwalta, na kama burji,
jar ƙasa mai sanyin ruwan daren jiya.
Babu hon, babu hayaƙi,
sai kukan sarƙa da nawa numfashin,
sai gero hagu da dama, ya fi ni tsawo,
yana sunkuyowa kamar zai raɗa mini magana,
sai wata kurciya da ta ƙi ba ni hanya.

Can sai tudun.
Ba wani tsauni ba ne na a zo a gani,
fako ne, da baƙaƙen duwatsu a gefe
sun durƙusa kamar raƙuman da aka sauke wa kaya.
Amma cinyata ta karanta shi baƙi da wasali,
gwiwa ta ce ba da ita ba,
feda ta koma dutsen niƙa.
Na sauka. Na tura.
Wani yaro ya wuce ni, jarka biyu ɗaure a baya,
ba birki, ba takalmi, yana fito,
ya ce, "Sannu, Baba!"
Ni da na juya ofis mai mutum talatin
na amsa masa da haki da kunya.

A saman tudun aduwa ta karɓi harajinta.
Fuuu, tayar gaba ta kwanta.
Gindin wata tsamiya na tarar da mai faci,
Sallau sunansa, haƙoransa uku, famfonsa ɗaya.
Ya nutsa tiyub a tsohuwar tasa, yana juyawa a hankali
har kumfa ta tona inda iska ke guduwa.
Sai ya tsaya. Ya shafa wani tsohon faci da babban yatsa.
"Wannan aikina ne. Keken Barmo ne wannan.
Nan yake shan iska in ya taso daga kasuwar Shargalle.
Ina yake, kwana biyu?"
Na faɗa masa. Ya ajiye sholisho,
muka ɗaga hannu, mu biyu, a bakin hanya.

Da ya gama na miƙa kuɗi, ya ture hannuna.
"Akwai canjinsa a wurina, naira hamsin.
Shekara huɗu ina jiran ya biyo."
Ban san yayana yana da wurin hutu ba,
ban san yana da Sallau ba.
Sau nawa na wuce tsamiyar nan
ina tayar musu da ƙura, ko waiwaya?

Gangara kuwa kyauta ce.
Na ɗauke ƙafa, iska ta cika mini riga,
hulata ta nemi komawa gida ba da ni ba,
gonaki suna gudu, shanu suna kallo,
na ji wani tsoho yana ihu kamar ɗan shekara goma,
na duba, babu kowa sai ni.

Da hantsi na shigo, Ige tana tankaɗe.
Ta ce, "Ka kai Dutsin?"
Na ce ko rabi.
Ta dubi laka a wandona, ta yi dariya.
Na jingine keken a zaure, ba bayan rumbu ba,
na ce Lawandi ya duba mini birki.
Gobe zan kai wa Sallau goro,
kuma ni da tudun nan ba mu gama magana ba.